Yadda Ake Zaɓen Fenti Da Adon Gargajiya A Gidajen Kebbi

A Birnin Kebbi ko Argungu, kafin ka zuba kuɗinka a fenti, tuna da ranar bazara da ƙurar hunturu. Kalar da ta burge ka a katin mai shago ba lallai ta jure musu ba.

Da farko duba bangon kansa. Sabon filasta yana son kamar sati 4 ya bushe kafin a shafa masa fenti. In ka ga wani fari-fari kamar gishiri a gindin bango, wanda ya fi yawa a gidajen da ke kusa da fadama, danshi ne ke hawowa daga ƙasa. A magance shi tukuna, in ba haka ba fentin zai kumbura ya ɓare. Ginin ƙasa kuwa ba ya son fentin mai, domin yana riƙe danshi a ciki. Farar ƙasa ta fi dacewa da shi.

Sai zaɓen kala. A waje, ɗauki mai haske: ruwan madara ko ruwan ƙasa marar duhu. Kala mai duhu tana kwasar zafi, a watan Afrilu kuwa ana haura digiri 40, da dare bangon ya yi ta sako maka zafin. Fari fat yana da kyau, amma hunturu ɗaya ya isa ya sa shi ya yi dauɗa. Shuɗi da ja masu kauri suna saurin koɗewa a rana, a bar su a cikin ɗaki.

Mataki na uku shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa. Sayi ƙaramin gwangwani, ka shafa a wuri kamar faɗin tabarmar sallah, shafi biyu. Duba shi da hantsi, da azahar, da kuma dare a ƙarƙashin ƙwan lantarkin da za ka riƙa kunnawa. Ruwan tokan da ya yi kyau da safe yana iya komawa shuɗi-shuɗi da dare. A nan ne ya kamata uwargida ta sa baki, don ita ta san kalar labule da kujeru. In an daidaita, a sayi bokitan gaba ɗaya, a juye su wuri guda a gauraya, saboda haɗin yau da na gobe ba sa zuwa daidai.

Daga ƙofar zaure zuwa tsakar gida, inda yara ke dafawa, yi wa rabin bango na ƙasa fentin mai, mai ruwan makuba, in ba ginin ƙasa ba ne, tunda yana goguwa da tsumma.

Batun adon gargajiya, a ganina wuri ɗaya ya isa. Dagin Arewa guda a saman ƙofar zaure, da zankwaye a kusurwoyin soro, sun fi bangon da aka cika da zane ta ko'ina. A sa magini ya fitar da zanen tun filasta yana ɗanye, don wanda aka zana da burushi kawai ba ya daɗewa. Mai neman samfuri ya leƙa gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, ya ga yadda magina na da suke aiki.

A falo, bango ɗaya za ka ware. Jera faya-fayi masu launi ko ƙore masu zane, ko ka rataya gora da homa irin na masuntan Kabi. Bangon ya zama mai haske marar ado, kuma a buga ƙusoshin sai fenti ya bushe sarai.