Shawara ga masu son haɗa aikin gayya da sunan kulob

Salam 'yan uwa, masu cewa mu fara aikin sa kai a unguwa, ga abin da na gani yana aiki.

Kar ku fara da babban abu. Ku zaɓi aiki ɗaya da za a gama cikin awa biyu, kamar yashe kwata ko share filin da yara ke buga ƙwallo, kuma ku sa shi da safen ranar da ake da wasa, domin ranar dama kowa zai fito, ana gamawa sai a wuce kallo tare. Amma fa ku fara tambayar mutanen wurin me suka fi buƙata, kar ku yanke musu.

Sannan ku gayyaci magoya bayan abokan hamayya, wallahi wannan ne ya fi min muhimmanci. A Ingila magoya bayan Liverpool da na Everton sun haɗu tun 2015 suna tara kayan abinci a bakin filin wasa ranar wasa domin mabuƙata, duk da adawar da ke tsakaninsu.

'Yan wasa kuma a roƙe su su riƙe shebur da hannunsu, yara na ganin haka za su shigo.

Kuɗi in an tara mutum biyu su riƙe, a rubuta komai a turo kowa ya gani. Safar hannu dole ce saboda fasassun kwalabe. Hoton wanda aka taimaka kuwa, don Allah kar a ɗora sai da izininsa.