Allurar ƙara tsoka: yadda za ka gano ɓarnar da ta yi maka, da yadda ake rabuwa da ita

Wanda ya fara sitiroyid, wato allura ko ƙwayar ƙara tsoka, madubi yake kallo. Cikin mako shida ko takwas damtse ya cika, kafaɗa ta buɗe, ƙarfen da ya gagare shi a baya yanzu yana ɗaga shi sau goma. Madubin ba zai nuna masa bangon zuciyarsa da ke ƙara kauri ba, ko jininsa da ke ƙara danƙo, ko 'ya'yan marainansa da suka ajiye aiki. Awo ne kaɗai ke tona waɗannan, kuma galibi suna yin nisa tun mutum yana jin kansa garau. Wannan bayani domin ɗan ɗaga ƙarfe ne da ya riga ya fara, ko yake shawarar farawa saboda gasar nuna tsoka, da kuma mai horarwa ko ɗan'uwan da ya ga alamu yana neman abin yi.

Fara da sanin abin da ya shiga jikinka

Magunguna iri biyu ne ake kira da suna ɗaya, wato sitiroyid, kuma rikita su na iya kai mutum kwance. Na farko su ne masu gina tsoka: testosteron, wato sinadarin mazantaka, da danginsa, irin su Dianabol, Sustanon, Deca-Durabolin, Winstrol da Anadrol. Na biyu su ne masu kwantar da kumburi, wato dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke saye a kemis don su yi ƙiba. Waɗannan na biyun ba sa gina tsoka ko kaɗan, cinye ta ma suke yi. Kumatu ne ke cika, tumbi ya fito, ƙafafu su sirance, sukarin jini ya hau, ƙashi ya yi rauni. Idan ka haura mako uku kana shan irin wannan kullum, kada ka yanke shi rana ɗaya. Jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin, yankewa kwatsam na iya faɗar da jini har mutum ya suma ko ya rasa ransa. Likita ne zai tsara maka yadda za ka rage a hankali.

Ɗauki takarda ka rubuta sunan kowane abu da ka sha ko ka yi allurarsa, da yawansa, da ranar farawa, da ranar ƙarshe. Haɗa da abubuwan da ba a ɗauka a bakin komai: maganin fitsari, insulin, ƙwayar ƙona kitse, garin da aka ce na ƙarin ƙarfi ne. Tafi da kwalaben asibiti. Da yawa daga abin da ake sayarwa a ɓoye ba a masana'antar magani aka haɗa shi ba, abin da ke rubuce a jiki daban, abin da ke ciki daban. Trenbolone ma maganin ƙiba ne na shanun turka, boldenone kuwa na dawaki. Sannan ka faɗa wa likita gaskiya. Idan ka ɓoye, zai ga sakamakon da bai dace da shekarunka ba, ya yi ta neman cutar da babu ita, ana ta kashe kuɗi.

Don ka gane girman abin: jikin namiji lafiyayye yana samar da testosteron kimanin miligiram 5 zuwa 7 a rana. Masu neman tsokar gasa kan loda wa jikinsu ninkin abin da likita ke rubuta wa mara lafiya sau goma, wasu har sau ɗari.

Zuciya da jini: nan ne ajali ya fi ɓuya

Zuciya tsoka ce, maganin kuma ba ya bambanta ta da damtse. Bangon ɗakinta na hagu, wanda ke tura jini zuwa ga jiki duka, yakan yi kauri ya sandare, ya kasa saki sosai ya cika da jini, daga baya ya kasa matsewa. Dallas McCarver, ɗan Amurka da ya yi fice a gasar nuna tsoka ta Mr. Olympia, ya rasu a 2017 yana da shekara 26. Da aka auna zuciyarsa giram 833 ce, alhali ta namiji kan tsaya kusa da giram 300 zuwa 350.

Abu huɗu za ka duba.

Awon jini na hannu. Sayi na'urar gida, amma ka tabbata ɗamararta ta isa damtsenka, domin ƙaramar ɗamara a kan babban damtse tana ba da lamba sama da gaskiya. Zauna minti biyar, baya a jingine, hannu daidai da ƙirji, ba bayan motsa jiki ko shan kofi ba. Auna safe da yamma har kwana bakwai, ka rubuta. Idan yana tsayawa a 140 bisa 90 ko sama, hawan jini ne, kuma ƙuruciya ba ta hana shi ɓata ƙoda da ido.

Kaurin jini, wanda ake kira PCV a ɗakin gwaji. Testosteron yana tura ɓargo ya yi ta ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Na namiji kan kasance tsakanin kashi 41 da 50. Likitoci ko ga mara lafiyar da suke yi wa magani da testosteron, suna dakatarwa idan ya kai 54. Jini mai kauri yana saurin dunƙulewa, gudan ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ko ta zuciya ko ta huhu. A zafin bazara na Afrilu da Mayu, ga gumi ga ƙarancin ruwa, ko a ce mutum yana azumi yana ɗaga ƙarfe da la'asar, jinin ƙara kauri yake yi.

Kitsen jini. Ka nemi a auna HDL, wanda ke kwashe kitse daga jijiyoyi, da LDL, wanda ke jibge shi. Ƙwayoyin haɗiya, musamman Winstrol, kan rugurguza HDL cikin 'yan makonni, LDL kuma ya hau. Mutum na iya zama babu ɗigon kitse a cikinsa, jijiyoyin zuciyarsa kuwa suna cushewa.

Na huɗu, hoton zuciya. ECG, wato gwajin bugun zuciya, shi kaɗai ba ya wadatarwa. Wanda ya yi shekara ko fiye yana amfani da waɗannan magunguna ya nemi eko, hoton da ke nuna kaurin bango da ƙarfin matsewa. Manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da likitocin zuciya masu yin sa.

Ciwon ƙirji, haki daga hawa bene, bugun zuciya mai tsalle-tsalle, kumburin ƙafa ɗaya da zafi, karkacewar baki ko mutuwar hannu: waɗannan ba na jiran gobe ba ne. Asibiti, a take.

Hanta da ƙoda

An sauya ginin ƙwayoyin haɗiya ne musamman don kada hanta ta narkar da su, shi ya sa suka fi allura cutar da ita. Suna iya tsayar da gudun ruwan ɗaci, sai ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya kama ƙaiƙayi mai hana barci. Kada a ce shawara ce a kama jiƙe-jiƙe. Tsayar da ƙwayar nan take, a je asibiti. Suna kuma haifar da ƙulli da ƙunshin jini a cikin hanta, waɗanda kan fashe. Andreas Münzer, ɗan gasar nuna tsoka daga Austiriya, ya rasu a 1996 yana da shekara 31 da zubar jini a ciki, aka tarar da hantarsa cike da ƙulli.

Akwai kuskuren da ake yawan yi wajen gwajin hanta. ALT da AST, sinadaran da ake aunawa a jini don duba hanta, suna hawa bayan ɗaga ƙarfe mai nauyi, domin tsoka ma tana zubar da su. Huta kwana biyar zuwa bakwai kafin a ɗebi jinin, kuma a haɗa da GGT da bilirubin, waɗanda motsa jiki ba ya ɗaga su haka. Ƙoda ma haka: creatinine, wanda ake aunawa a jini don duba ƙoda, kan yi sama ga mai tsoka da yawa ko da ƙodarsa lafiya lau, don haka a haɗa da gwajin furotin a fitsari, in kuma ana yin cystatin C a wurin, ya fi faɗar gaskiya. Fitsari mai kumfa da ba ta kwanciya alama ce da ba a rainawa.

Haihuwa, nono da fata

Ƙwaƙwalwa na ganin testosteron ya cika jini, sai ta daina aika LH da FSH, sinadaran da ke umartar maraina su yi aiki. Su kuma su kwanta, su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani lokaci har su ƙare ƙaf. Abin da ke ruɗar mutane shi ne sha'awa na nan da ƙarfinta, maniyyi na fita yadda aka saba, amma babu iri a ciki. Sai a shekara biyu da aure ana kai amarya asibiti da wajen masu magani, matsalar kuwa tana cikin kwalbar maigida. Duk mai shirin aure ko neman haihuwa ya yi gwajin maniyyi, bayan ƙauracewa iyali kwana biyu zuwa bakwai. Ƙasa da miliyan 16 a kowace mililita ya gaza ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙera sabon iri na ɗaukar kimanin kwana 74, saboda haka ba a maimaita gwajin sai bayan wata uku.

Wani ɓangare na testosteron kan rikiɗe ya zama sinadarin mata, sai a ji ƙulli mai zafi a ƙarƙashin kan nono. Da wuri yana iya komawa. In ya shekara ya taurare, sai tiyata. Ƙuraje a baya da kafaɗa, da saurin sanƙo ga mai gadonsa, su ne alamun da kowa ke gani. Tsoka kuma tana girma fiye da jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi, shi ya sa ake samun tsinkewar ta ƙirji ko ta damtse ana tsakiyar ɗagawa.

Mace da ta yi amfani da su, murya kan yi kauri, gashi ya fito a haɓa, al'ada ta ɗauke, kuma muryar ba kasafai take komawa ba. Yaron da bai gama tsayi ba kuwa, maganin na rufe bakin ƙashinsa, ya tsaya a inda yake har abada.

Makon gasa

Abin da ke kashewa cikin sa'o'i sau da yawa ba sitiroyid ɗin ba ne, abokan tafiyarsa ne. Ana shan maganin fitsari irin Lasix a kuma daina shan ruwa don fata ta manne da tsoka. Gishirin jini, musamman potassium, ya rikice, zuciya ta ɓata bugu ta tsaya. Mohammed Benaziza, shi ma ɗan gasar nuna tsoka, ya rasu haka a 1992, jim kaɗan bayan wata gasa a ƙasar Holan. Insulin ga wanda ba shi da ciwon sukari na iya faɗar da sukarin jini ya suma cikin barci, ba mai sani. Man da ake ɗurawa cikin damtse don ya kumbura yana ruɓar da nama. Babu wani adadin waɗannan da za a ce maka shi ne mai aminci.

Idan ka taɓa yin allura da sirinjin wani, ko kuka ɗiba daga kwalba ɗaya, yi gwajin HIV da ciwon hanta nau'in B da C. Wurin allura da ya kumbura ya yi ja da zafi, ga zazzaɓi, ƙurji ne mai ruwa a ciki, kuma sai an tsaga shi a asibiti.

Yadda ake dainawa

Mafi wuyar lokaci shi ne makonnin da ke biyo bayan allurar ƙarshe. Testosteron na waje ya ƙare, na jiki bai farfaɗo ba. Kasala, rashin sha'awa, rashin ƙarfin gaba, rashin barci, baƙin ciki marar dalili, ga tsoka na zubewa ana kallo. A nan ne mafi yawa ke komawa, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na masu amfani da su kan kamu har ya kasa bari. Sanin cewa wannan lokacin zai zo, kuma yana wucewa, rabin magani ne.

Ga likita kafin ka tsayar, ba bayan ka faɗi ba, a ɗauki awon farko. Faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, matarka ko ɗan'uwanka, ya sa maka ido. Idan tunanin kashe kai ya zo, a je asibiti ranar, ba a jira ya wuce. Kada ka haɗa wa kanka magungunan farfaɗo da maraina da aka karanta a intanet. Irin waɗannan magunguna, kamar clomiphene da hCG, suna da wurin amfaninsu, amma likita ne zai duba ko kana bukata, ya bi sakamakon. Gwajin testosteron da LH da FSH ana yin sa da safe kafin ƙarfe goma, bayan maganin ya fita daga jiki. Allurai masu daɗewa irin Deca-Durabolin kan ɗauki makonni da yawa. Farfaɗowa na iya cin wata uku, ko shekara, ko fiye, gwargwadon daɗewa da yawan abin da aka yi. Wasu ba sa komawa daidai, su ne likita zai ɗora kan magani na dindindin.

Kada ka bar ɗaga ƙarfe, amma rage nauyi, domin ƙarfinka zai sauka kuma jijiya na cikin haɗari. Ci furotin giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyinka: mai kilo 70 yana bukatar giram 112 zuwa 154 a rana, a raba shi ci uku ko huɗu. Ƙwai ɗaya na da kimanin giram 6, giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza kusan 30, sauran a cike da wake, awara, kifi, kindirmo da gyaɗa. Garin creatine giram 3 zuwa 5 a rana ba sitiroyid ba ne, mai lafiyar ƙoda zai iya sha, amma ka sanar da likita kafin gwajin ƙoda don yana ɗaga creatinine. Barci sa'a bakwai zuwa tara, da tafiya mai sauri ko gudu minti talatin sau biyar a mako saboda zuciya da kitsen jini. Bayan wata uku a maimaita PCV da kitsen jini da na hanta, a sake a wata na shida. Wanda ekonsa ya nuna matsala kuma ya ci gaba da ganin likitan zuciya ko da ya daina tun bara.