Kurakuran da masu sana'ar kansu ke yi wajen zaɓen inshora

Ma'aikacin gwamnati in ya kwanta rashin lafiya albashinsa yana shiga. Mai ɗaukar hoton biki, tela, mai zane a kwamfuta ko mai gyaran waya, ranar da bai fita ba ko sisi ba ya samu. Don haka tambayar farko ita ce: mene ne in ya tsaya, kuɗin shiga zai tsaya? Yawanci amsar jikin mutum ne da kayan aikinsa, amma nan aka fi sakaci.

Da yawa suna zaton inshorar lafiya ta ma'aikata ce kaɗai. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, tana da shirin GIFSHIP na ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, jihohi kuma suna da nasu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Kafin ka biya, tambayi asibitin da za a ɗora ka, da tsawon jiran da za ka yi kafin ka fara cin moriya, musamman kan haihuwa da tiyata. Ka kuma sani inshorar lafiya kuɗin magani take biya, ba ta mayar maka da cinikin da ka rasa. Wannan aikin inshorar haɗari ce, ita ma sai irin wadda aka rubuta a cikinta cewa za a riƙa biyanka kuɗi mako-mako in haɗari ya hana ka aiki.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne rage darajar kaya don kuɗin zubi ya yi sauƙi. A ce kyamara da fitilu da kwamfuta sun kai naira miliyan 4, sai ka rubuta miliyan 2. Gobara ta ci kayan miliyan 1. Za ka zaci ai asarar ba ta kai abin da ka rubuta ba, za a biya ka duka. A'a. Ƙa'idar da ke cikin yawancin takardun inshorar dukiya ita ce tunda rabin darajar ka yi wa inshora, rabin asarar za a biya, wato dubu 500. Daga ciki ma za a cire kason da aka amince kai za ka ɗauka a kowace asara. Wanda bai yi da gangan ba ma yana faɗawa ramin, domin kayan da aka saya kafin faɗuwar naira a 2023 farashinsu ya canza sosai. Gyaran shi ne duk shekara, lokacin sabuntawa, ka zaga kasuwa ka ji farashin yau, ka gyara adadin.

Sai batun wuri. Inshorar gobara da ta fasa shago suna aiki ne a adireshin da aka rubuta. Kyamarar da aka ɗauke a wurin kamu, ko kwamfutar da ta faɗo daga Keke Napep, ba ruwansu da ita. Mai yawo da kayan aiki ya nemi inshorar da ke bin kayan duk inda suka je, a rubuta lambar jikin kowane ɗaya. Ya kuma tambaya a fili ko ana biyan na'urar da wutar lantarki ta ƙona in an kawo ta da ƙarfi, don sau da yawa ana ware wannan.

A motar gida, inshorar dole ta naira 15,000 da ta fara aiki a Janairun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har naira miliyan 3 a dukiya. Taka motar ba ta ciki. Wanda ya yi rajista a matsayin motar gida yana kuma ɗaukar fasinja ta manhajar Bolt, kamfani na iya ƙin biyansa. Takardun bogi kuma sun yi yawa a hannun 'yan tsakani, danna *565*11# ka duba ko taka ta shiga rumbun bayanan kamfanonin inshora.

Masu gudun inshora saboda addini suna da takaful, wanda NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Noor Takaful da Jaiz Takaful suna cikin masu lasisi. Ana zuba gudummawa ne a asusun taimakon juna, in rara ta samu a raba. Amma sharuɗɗan faɗin gaskiya da darajar kaya suna nan daram.

Dokar Najeriya ta ce in ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya, saboda haka alkawarin “zan cika gobe” ba ya aiki. Ka biya ta asusun kamfani, kada ka miƙa wa wakili kuɗi a hannu. In abu ya faru, sanar da su a rubuce cikin kwanakin da takarda ta ƙayyade, ka haɗa da rahoton 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana, da hotuna da rasit. Rasit ɗin ka ajiye hotonsu a imel tun yau, domin wanda ke cikin durowar shago tare da kaya yake ƙonewa. In kamfani ya ja ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar koke.