Yadda Ake Ƙera Ɗan Ƙaramin Samfurin Igwar Morta

Igwar morta, wato gajeriyar igwa mai cilla bam sama ya faɗo kan abin da aka auna, wadda Wilfred Stokes ya fito da tsarinta na zamani a Ingila a 1915, sassa uku ne da ita: bututu, ƙafafu biyu da faifan ƙasa. Wannan sauƙin ne ya sa nake ganin ta dace da mai koyon ƙera samfurin ado daga tushe.

A fara da awo. Idan an zaɓi ma'aunin 1/35, sai a raba kowane tsawo gida 35, don haka bakin igwa mai milimita 81 zai koma kusan milimita 2.3. A yanko bututun daga siririn bututun roba, a yanke faifan daga fallen roba.

Ƙafafun, waɗanda ake yi da waya ta ƙarfe, su ne ke cin lokaci, domin wayar takan zame kafin gam ya kama, kuma idan ɗaya ta fi ɗaya tsawo ko da kaurin farce ne, samfurin zai karkace. A kafa bututun a tsaye fiye da digiri 45, a goge tabon gam da samfefa, sannan a shafa koren fenti marar ƙyalli.