Yadda ake nemo wasannin da suka ɓace a Tabletop Simulator

Wata Asabar ce cikin hunturu, irin daren da sanyin Jos ke hana mutum leƙa waje bayan Isha'i. Mun yi alƙawarin buga dara da abokaina biyu, ɗaya yana Kubwa, ɗaya yana Zariya. Allon darar ni na ƙera shi da hannuna a cikin Tabletop Simulator, manhajar buga wasannin tebur a kwamfuta: gurabe 30, kowa da 'ya'ya 12, har launin ƙasa na sa masa don ya yi kama da wadda muke haƙawa a gindin bishiya muna yara. Na buɗe manhajar, na danna Games, sai na ga wayam. Babu darata, babu ludo, babu kartar wot ɗin da muka saba bugawa.

Ƙanina da ke gefe ya ce, "Yaya, goge ta kawai ka sake saukewa." Da na bi maganarsa da na ƙona data a banza, don wasannin da mutum ya adana ba a jikin manhajar suke zaune ba. Suna da folda tasu dabam, kuma galibi suna nan daram, manhajar ce take leƙa inda ba nan ba.

Fara da tantance abin da ya ɓace

Tabletop Simulator manhaja ce ta kamfanin Berserk Games, ta fito a Steam, manhajar sayen wasannin kwamfuta da buɗe su, a 2015, kuma tebur ne kawai take ba ka, wanda mutum har 10 za su iya zagayewa. Idan ka danna Games a saman allo za ka ga kashi huɗu. Classic su ne wasannin da suka zo tare da ita, irin su ces, domino, dirafti da karta. DLC su ne waɗanda aka saya da kuɗi. Workshop su ne waɗanda wasu mutane suka ƙera ka danna musu Subscribe. Save & Load kuma naka ne, abin da ka adana da kanka. Kowane kashi da inda yake kwana, don haka kafin ka taɓa komai ka duba wanne ne babu.

Idan DLC ne babu, ko kuma manhajar gaba ɗaya ta ɓace daga Library ɗinka na Steam, duba sunan da ke sama ta hannun dama. A gidan da ake karɓa-karɓar laftof ɗaya tsakanin wa da ƙane, sau da yawa wani ne ya shiga da asusunsa ya manta bai fita ba. Abin da ka saya yana bin asusu ne, ba kwamfuta ba. Idan sunanka ne a wurin, danna View, sannan Hidden Games, ko an ɓoye ta bisa kuskure. Idan kuwa tana nan amma maɓallin ya koma Install maimakon Play, kada ka danna shi tukuna. Mai yiwuwa a wani diraif ka sa ta, Steam ta daina ganinsa. Shiga Settings, sannan Storage, ka ƙara diraif ɗin, za ta gane fayilolinta da kanta. Wannan ya fi samun masu ajiye wasanni a diraif na waje, wanda yau zai fito da harafin D, gobe ya fito da E saboda an riga shi soka filashi.

Af, game da DLC: mai buɗe tebur kaɗai ake buƙatar ya saya. Idan ka saba buga wani wasa a teburin abokinka, kada ka neme shi a wurinka ka ce ya ɓace, dama can ba naka ba ne.

Nemo foldar, ka kwafe ta

Nan ne ainihin aikin yake. Rufe manhajar. Danna maɓallin Windows tare da E, ka shiga Documents, sannan My Games, sannan Tabletop Simulator. A ciki za ka ga Saves da Mods. A Saves akwai fayiloli masu suna irin TS_Save_1.json, kowanne da ɗan hotonsa mai irin sunansa. A Mods kuma akwai Workshop, inda kowane wasa yake da fayil mai sunan lambobi zalla, sai Images da Models da sauransu. Masu Mac su duba ~/Library/Tabletop Simulator, masu Linux kuma ~/.local/share/Tabletop Simulator.

Idan ka ga fayilolin, hankalinka ya kwanta. Kwafe foldar Saves zuwa filashi yanzu-yanzu, ba ta da nauyi. Mods tana iya kai gigabait da yawa in ka daɗe kana wasa, amma in akwai wuri ita ma ka kwafe ta. Duk gyaran da zai biyo baya, kana yin sa ne kana da abin komawa.

To idan ka tarar da foldar fanko fa? Haka na tarar da tawa. Sai a lokacin na tuna cewa kwana uku kafin nan na kai laftof ɗin wajen wani mai gyara a kasuwar Taminus ta Jos saboda tana nauyin tashi. Na kira shi na ce, "Oga, me ka yi wa na'urar nan?" Ya ce, "Ba komai fa Malam, sabon yusa kawai na buɗe maka, tsohon ne ke da matsala." Shi a wurinsa ba komai ba ne. Amma kowane yusa a Windows, wato asusun da ake shiga kwamfutar da shi, da nasa Documents, manhajar kuwa na wanda aka shiga da shi take dubawa. Da ba ta ga komai ba sai ta ƙirƙiri sabuwar folda ta zauna abinta.

Don haka buɗe diraif ɗin C, ka shiga Users, ka duba sunaye nawa ne a wurin. Shiga kowanne ka bi hanyar Documents da My Games. Windows za ta iya neman izini, ka ba ta. Idan sabunta Windows ɗin aka yi ko aka sake ɗora ta ba tare da share diraif ba, nemi folda mai suna Windows.old a cikin C, tsofaffin yusa suna ciki. Kada ka yi jinkiri da wannan, don bayan sabuntawa Windows kan share ta da kanta idan aka yi kwana 10. In duk ka rasa, rubuta TS_Save a gurbin bincike na This PC ka bar ta ta lalube ko'ina. Za ta ɗau lokaci, ka je ka haɗa shayi.

Da ka same su, kwafe abin da ke cikin tsofaffin Saves da Mods zuwa sababbin. Lura da abu ɗaya: idan ka riga ka adana wani wasa a sabuwar foldar, shi ma sunansa zai zama TS_Save_1, irin na tsohon. Canza lambar ɗaya daga cikinsu, da ta hotonsa, kafin ka haɗa su, kada wani ya danne wani.

Akwai kuma batun OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet. Idan aka kunna masa ajiyar foldoji, yakan ɗauke Documents ya mayar da ita ƙarƙashinsa, sai ka wayi gari da Documents biyu: ɗaya a Users kai tsaye, ɗaya a cikin foldar OneDrive. Duba dukansu. Fayil ɗin da ka ga alamar gajimare a gefensa, sunansa ne kawai a kwamfutarka, jikinsa yana intanet, kuma ranar da babu sabis ba zai buɗu ba. Danna foldar da maɓallin dama ka zaɓi Always keep on this device. Wurin da ake bayarwa kyauta gigabait 5 ne, Mods kaɗai tana iya cinye shi. Abin da aka goge daga can kuma yakan yi kwana 30 a kwandon shara na shafin OneDrive kafin ya tafi gaba ɗaya, saboda haka leƙa can ma.

Duba inda aka ce manhajar ta ajiye kaya

Wannan gajere ne amma yana rikita mutane. Buɗe manhajar, danna Menu, sannan Configuration, ka tsaya a shafin Game. Akwai Mod Save Location, mai zaɓi biyu: Documents ko Game Data. Na biyun yana kai Mods cikin foldar manhajar kanta, wato steamapps, common, Tabletop Simulator, Tabletop Simulator_Data. Idan a da kana kan ɗaya yanzu ka koma ɗaya, Workshop zai fito fanko alhali kayanka suna ɗaya wurin. Mayar da zaɓin, ka rufe, ka sake buɗewa.

Idan fayiloli suna nan amma ba sa fitowa

A cikin Mods, foldar Workshop, akwai fayil mai suna WorkshopFileInfos.json. Shi ne rajistar da manhajar ke karantawa ta san wasanni nawa gare ka da sunayensu. A Saves ma akwai takwaransa, SaveFileInfos.json. Idan aka ɗauke wuta manhajar na tsakiyar rubutu a cikinsa, kuma batirin laftof ɗinka irin wanda ba ya riƙe minti biyar ne, rajistar na iya lalacewa. Wasannin lafiyarsu ƙalau, mai kiran suna ne ya ruɗe.

Rufe manhajar. Mutane da yawa za su ce ka goge fayil ɗin. Ni na fi son a canza masa suna, a ƙara kalmar tsoho a gaba, don in abin bai yi ba a mayar. Sai ka buɗe manhajar kana haɗe da intanet, ka ba ta 'yan mintuna ta rubuta sabuwar rajista. In wasanninka na Workshop sun yi yawa za su riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi gaggawar rufewa.

Ɓangaren Steam

Masu tattalin data kan sa Steam a Offline Mode su manta. A wannan hali duk abin da ka danna wa Subscribe ta waya ko ta burauza ba zai sauka ba. Danna Steam a sama ta hagu ka zaɓi Go Online. Daga nan shiga Workshop na Tabletop Simulator ka duba Subscribed Items. Wasan da yake a jerin amma bai fito a tebur ba, cire Subscribe ɗinsa ka sake dannawa, sannan ka sake buɗe manhajar.

In ya ƙi, shiga Settings, Downloads, ka danna Clear Download Cache. Steam za ta fitar da kai ta nemi ka sake shiga, don haka ka tabbata kana tuna kalmar sirrinka kuma wayar ko imel ɗin da lambar Steam Guard ke zuwa yana kusa. Na ga wanda ya tsallake wannan ya kwana a waje.

Shi kuwa Verify integrity of game files, da ke ƙarƙashin Properties, Installed Files, jikin manhajar kaɗai yake dubawa. Idan wasannin Classic ne suka lalace, shi ne maganinsu. Ba ya leƙa Documents, don haka kada ka sa rai zai dawo maka da abin da ka adana.

Akwai wata alama dabam: ka adana wasa, ka rufe, ka dawo babu shi, kullum haka. Wannan ba ɓata ba ne, hana manhajar rubutu ake yi. Buɗe Windows Security, Virus & threat protection, ka gangara zuwa Ransomware protection. Idan Controlled folder access a kunne yake, ba sai ka kashe shi ba, ka ƙara Tabletop Simulator cikin manhajojin da aka yarda wa. Wasu antibairos ɗin ma suna da irin wannan shingen.

Wasan ya dawo, amma katunan farare ne

Fayil ɗin wasan Workshop ba ya ɗauke da hotuna. Adireshi ne kawai a cikinsa: hoton wannan kati yana wuri kaza a intanet, siffar wancan doki tana wuri kaza. Ranar farko da ka buɗe wasan ne manhajar ke sauke su ta ajiye a Images da Models, muddin Mod Caching a kunne yake a Configuration. Bar shi a kunne. Ga mai sayen data da kuɗinsa, kashe shi na nufin sake sauke kaya iri ɗaya duk ranar wasa.

Matsalar ita ce adireshi na mutuwa. Wanda ya ƙera wasan zai iya goge hotunansa, ko masu haƙƙin mallakar wasan su sa a cire shi daga Workshop. A watan Mayun 2023 shafin ajiye hotuna na Imgur ya fara share tsofaffin hotunan da ba su da asusun da ke riƙe da su, kuma tsofaffin wasanni da dama can suka jingina katunansu. Idan haka ta faru kuma foldarka ta Images ta salwanta, babu maɓallin da zai dawo da su.

Sai dai akwai dabara. Duk wanda ya taɓa zama a teburin nan da Mod Caching a kunne, hotunan sun sauka a tasa kwamfutar. Sunan kowane hoto kuma daga adireshinsa aka ciro shi, shi ya sa iri ɗaya ne a wurin kowa. Ka ce abokinka ya kwafo maka Images da Models ɗinsa, ka zuba a naka, in Windows ta tambaye ka game da masu suna iri ɗaya ka ce ta tsallake su. Haka muka yi da kartar wot ɗinmu: na Zariya ne yake da katunan cikakku, ya dunƙule su a zif ya turo.

Darata kuwa tana can cikin tsohon yusa, lamba ta 7 a Saves. Kafin in gama kwashe kayan sha ɗaya ta gota, na Kubwa ya yi barci. Sai ranar Lahadi bayan La'asar muka buga, ya cinye ni sau biyu a jere.