Yadda Ake Kare Masara da Gyaɗa Daga Gubar Fumfuna Tun Daga Gona

Fumfunar da ke fitowa kore-kore a jikin masara da gyaɗa, wadda masana ke kira Aspergillus flavus, ba iri ɗaya ba ce, ko da yake ido ba ya iya rarrabe ta. A gona guda ana samun dangogi da yawa, kuma bambancinsu yana cikin ƙwayoyin gadonsu: wasu suna ɗauke da cikakken jerin ƙwayoyin da ke sarrafa gubar afulatoksin, wasu kuwa wani sashe na jerin ya ɓace ko ya lalace, don haka suna tsirowa a kan hatsi ba tare da sun zuba guba ba. Dangin da ke yin ƙananan ƙulli a jikinsa yakan fi guba, kuma shi aka alaƙanta da abin da ya faru a Kenya a 2004, inda mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara. Dafuwa ba ta kashe wannan guba, kuma yawan cin ta yana jawo kansar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B.

A kan wannan bambanci cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, wato IITA, ta gina maganin Aflasafe, inda ta zaɓo dangogi huɗu marasa guba daga ƙasar Nijeriya, ta shafa su a jikin gasasshiyar dawa wadda ba ta tsiro, aka rina ta shuɗi domin kada a ɗauke ta abinci ce. Dalilin zaɓen na gida shi ne sun riga sun saba da zafinmu da ƙasarmu, saboda haka za su iya rigan masu guba kama wuri.

Abin da ya fi muhimmanci ga manomi shi ne lokaci. Ana watsa maganin mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure, domin marasa guba su yaɗu kafin ƙwaya ta fara zama, kuma tunda irin masara ya bambanta wajen saurin nuna, ya kamata manomi ya san ko mai saurin isa ya shuka ko mai daɗewa. Wanda bai tabbata ba ya tambayi malamin gona, ko ya nufi Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, inda irin masara na SAMMAZ da irin gyaɗa na SAMNUT suka fito. Kafin ranar watsawa a gama noma da sa taki da huɗa, saboda idan garma ta binne ƙwayoyin maganin, aikin ya lalace. A saman ƙasa ake so su zauna. Ana watsa kilo 10 a kowace hekta da hannu, yadda ake yafa iri, a lokacin da ƙasa ke da danshi. Bayan 'yan kwanaki, wanda ya duƙa ya duba zai ga kowace ƙwayar dawa ta lulluɓe da gari kore, wanda iska da ƙwari za su kai kan amfanin. Kada a fesa maganin kashe fumfuna a wannan tsakani, domin ba ya tantance mai guba da marar guba.

A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa maganin ya gama komai. Dangogi masu guba suna nan a ƙasa da gonakin maƙwabta, suna kuma ƙaruwa idan fari ya gajiyar da shuka ko ƙwari suka huda ƙwaya, shi ya sa ake maimaita watsawa kowace damina, kuma ya fi tasiri idan manoman yanki ɗaya suka yi tare.

Bayan girbi a shanya a kan tamfol maimakon ƙasa ko gefen kwalta, har sai ƙwaya ta yi ƙaras idan an ciza. A tsince fasassu da masu sauyin launi a ƙone ko a binne, kada a ba kaji ko shanu, domin gubar tana ratsawa har cikin madara. Buhuna kuma a ɗora su a kan katako, nesa da bango, a ɗakin da iska ke shiga.