Yadda nake kula da man birki a garejina

Duk direban da ya kawo min mota a nan Bauchi ya san ranar da ya juye man inji, amma in ka tambaye shi man birki sai ya ce ai ba ya ƙarewa. To, ba ya ƙonewa, amma yana shan danshi daga iska a hankali, ko da murfin a rufe yake. Sabon man birki nau'in DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a wajen 155 ya tafasa. Mai saukowa daga Jos ta Panshanu da lodi, ƙafa a kan birki, shi ya san wannan: man ya tafasa, tururi ya cika bututu, ya taka birki ya tafi ƙasa bai kama ba. A irin wannan gangara, sa ƙaramar giya.

Dubawa ba wuya. Tsayar da mota inda ƙasa take daidai, buɗe bonet, ga 'yar robar man can ta wajen direba. Ya zauna tsakanin MIN da MAX. Goge murfin kafin ka buɗe, musamman lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa. Sabo garau yake, ɗan rawaya-rawaya. In ya koma kalar shayi ba madara, ya gaji.

In ya ragu, kada ka cika kawai ka kama gabanka. Ko takalman birki sun cinye, ko yana yoyo. Leƙa bayan tayoyi da ƙasan masta, wato famfon birki da robar man take zaune a kansa, ka ga ko da jiƙa.

Abin da aka rubuta a murfi shi za ka zuba, kuma daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa, DOT 5 kuwa ba ya shiri da su. Man inji ko na sitiyari, in ka zuba, kumbura robobin cikin birki yake yi. Masu zuba ruwan sabulu a hanya kuwa, Allah ya shirya su, tsatsa ce za ta ci bututu da masta.

Ni shekara 2 nake ba man birki, sai a juye duka. Aikin mutum biyu ne. Yarona yana ciki yana taka birki, in ce "Riƙe!", in sassauta 'yar kusar da ke bayan taya, tsohon mai ya fito ta tiyo da kumfa, in ɗaure kafin ya ɗaga ƙafa. Galibi daga tayar da ta fi nisa da masta ake farawa, ana yi ana ƙara mai kada robar ta bushe. In ya ɗiga a jikin mota, wanke da ruwa nan take, yana cin fenti. Kafin ka hau titi, taka birki a tsaye: in har yanzu da laushi, akwai sauran iska, a sake.